Na kai bindigata gyara, ashe ni ne na ɓata ta

Bindigar farautata tsohuwa ce, ƙirar Mauser 98 wadda Paul Mauser ya fito da ita a Jamus a 1898, sai dai tawa an canza mata bututu tana cin harsashi .30-06, wanda sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1906. Shekara da shekaru muna tare lafiya lau, kwatsam sai ta fara watsa harsashi, in harba biyar a mita 100 sai ka ga ɗaya sama ɗaya gefe, tazarar ta fi tafin hannu. Na canza harsashi, na ƙara ɗaure sukurorin madubin saiti, har idona na zarga, duk a banza.

Shi ne na kai ta wajen wani dattijo mai gyaran bindiga mai lasisi. Kafin ya ce uffan sai da ya zare ƙarfen da ke kulle bututun ta baya, ya leƙa ciki, duk da na ce masa babu komai a ciki, ya ce kowa ma haka yake faɗa. Sannan ya ɗauko madubin ƙara girma ya ƙura wa bakin bututun ido, ya ce ɗana, ta ina kake zura sandar gogewa? Na ce ta baki mana Baba. Sai ya girgiza kai kawai. Ashe sandar ce ta riƙa cin gefe ɗaya na bakin a hankali, kuma wannan bakin shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, idan gefe ɗaya ya cinye to iskar fashewar ta nan za ta fara fita ta ture gindin harsashin, shi ke nan ya karkace tun bai bar bindiga ba. Wallahi kunya ta kama ni, ni da nake ganin na fi kowa kula da kayana.

Bai tsaya nan ba, ya zura takarda tsakanin bututu da itacen ƙota, ba ta je rabi ba ta maƙale, wato itacen ya sha laima ya kumbura yana danne bututun. Ya kankare wajen, ya gyara mazaunin ƙarfen da gam mai ƙarfi, ya sake yanke bakin ya fito sumul. Tsumman da ya goge ciki da su kuwa shuɗi shar suke fitowa, tagullar harsashi ce ta taru.

Na roƙe shi ya sassauta mini kunama sosai ya ƙi, ya bar ta sai an ja ta da ƙarfin wajen kilo ɗaya da rabi take tashi, wai bindigar daji ce ba ta gasa ba, mutum na haki hannu na gumi ba a son kunamar da ke tashi da ɗan taɓi. Lokacin na ji haushi, yanzu na yarda da shi.

Inda ya ɓata min rai shi ne lokaci. Sati biyu ya ce, sai da ta yi bakwai, waya kuma ka kira ka gaji ba ya ɗauka, rabin lokacin farauta ya wuce ina zaune. Amma ranar da na gwada ta, harsashi biyar suka taru cikin kusan santimita 3, na sake jerawa don ban yarda ba, haka dai.

Zan koma wajensa, amma sai an rufe farauta tukuna. Yanzu ta baya nake zura sanda.