Bootstrap ya iya shimfiɗa shafi, amma nauyin hoto yana wuyanka

Duk wanda ya taɓa gina shafin intanet ya san takaicin ganin aikin da ya yi kyau a kwamfutar tebur ya hargitse a fuskar waya, rubutu ya ƙanƙance, maɓallai su cunkushe har yatsa ya kasa taɓa ɗaya ba tare da ya shafi na kusa da shi ba. A wannan fanni ne Bootstrap, wato tarin shiryayyun kayan tsara fasalin shafin intanet, ya fi yi mini amfani, kuma ina ganin ya cancanci yabon da ake yi masa.

Mark Otto da Jacob Thornton ne suka fito da shi a 2011 lokacin suna aiki a Twitter, kuma kyauta ne ga kowa. Tun daga siga ta 3 a 2013 tsarinsa yake farawa da waya, sannan ya faɗaɗa zuwa manyan fuskoki. Yana raba faɗin shafi gida 12, kai kuma ka ƙayyade gida nawa kowane sashe zai ci idan faɗin fuska ya kai fiksel (ƙananan ɗigogin da ake auna fuska da su) 576, 768, 992, 1200 ko 1400. Da haka labarai uku da ke jere kafaɗa da kafaɗa a kwamfutar tebur sai su koma biyu a kwamfutar hannu, a waya kuwa su hau kan juna, jerin zaɓuɓɓukan sama ya naɗe cikin maɓalli guda. Siga ta 5 ta 2021 ta rabu da jQuery, wani kunshin umarnin kwamfuta da Bootstrap yake dogara da shi a baya, wanda hakan ya rage mata kaya.

Inda nake jan hankali shi ne hoto. Bootstrap yana matse hoto ya yi daidai da fuskar waya, amma bai rage nauyinsa ba, domin wayar za ta sauke fayil ɗin gaba ɗaya kamar yadda babbar kwamfuta za ta yi, mai karatu ya yi ta jira datarsa tana ƙonewa. Wannan yana damuna ƙwarai, saboda mai ƙaramar waya shi ne aka ce an fara tunawa da shi. Dole magini ya tanadi hoto ɗaya a girma daban-daban da kansa.

Haka kuma, idan ba a sauya launuka da salon rubutun da ya zo da su ba, shafuka sukan yi kama da juna kamar an yi kaki an tofar. Kafin a miƙa aiki, ina ba da shawarar a buɗe shi a tsohuwar waya mai raunin intanet, a gwada cika fom da babban yatsa.