Sharhi: Bitar marubuta ta Asabar uku a Jos, ranar rediyo ce ta fanshi kuɗin

A wani zauren haya da ke kusa da Titin Bauchi ake gudanar da wannan bita ta marubutan ƙagaggun labarai, Asabar uku a jere, daga hantsi zuwa la'asar, da hutun azahar. Manufarta ɗaya ce: a ɗauko dabarun fim, da wasan kwaikwayon rediyo, da tatsuniya, a gwada su a kan littafin da mutum yake rubutawa. Sharaɗin shiga shi ne ka zo da babi ɗaya bugagge, kwafi biyu. Jos ta dace da irin wannan aiki, domin nan ce hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979, ga kuma makarantar koyon fim, saboda haka malamin da ya san aikin ba ya wuyar samu.

Asabar ta farko ta fim ce. Malamin yana farawa da ƙa'idar da masu rubutun fim ke aiki da ita, wato shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don marubuci ya ji nauyin kowane layi. Sai a raba katuna, a ce kowa ya yayyanka babinsa fitowa-fitowa, kati ɗaya ga fitowa ɗaya. A kan katin ka amsa tambaya uku: wa ke son me, wa ya tare masa hanya, me ya canja kafin a tashi. Katin da ya rasa amsa ta uku ana ajiye shi gefe. A nan ne dogon bayanin wanka da kwalliya da jera kuloli, wanda ya cika littattafan onlayin, yake zubewa.

Aiki na biyu da jan biro ake yi. Ka ja layi ƙarƙashin duk abin da kyamara ba za ta iya ɗauka ba, ka nemo masa aikin da ido zai gani. "Ranta ya ɓaci matuƙa" sai ya koma mace tana ta kankare gindin tukunyar da ta riga ta fita tas, mijinta na magana ba ta ɗago ba. Darasi ne mai kyau, amma malamin ya zarce da shi. Ya nemi a yanke gaisuwa duka, alhali a wurin Bahaushe gaisuwa kan ɗauki rigimar gaba ɗaya. Surukar da aka durƙusa aka ce mata "Inna, ina kwana?" ta ce "lafiya" ta kawar da kai, ai ta gama magana. Haka kuma zancen zuci dukiyar littafi ce da fim ba shi da ita. Wanda ya share shi kaf zai koma gida da rubutun fim, littafinsa ya rame.

Asabar ta biyu ita ce zuciyar bitar. Mai koyarwar ya daɗe a sashen wasan kwaikwayo na rediyo, kuma tsarinsa ba shi da tsada. Ana ɗaukar hirar da ke cikin babinka, a goge duk wani "in ji wane" da "ta ce", a ba mutum ɗaya ya karanta da murya ɗaya, sauran sun juya baya. Kowa ya rubuta wanda yake jin shi ne ya faɗi kowane layi. Idan masu sauraro suka riƙa kuskure, laifin na rubutun ne, domin kowa a labarin yana magana da bakin marubucin: tsohuwa, da direban keke, da ɗalibar jami'a duk Hausa ɗaya, jimla ɗaya.

Gyaran da yake koyarwa daga cikin harshen yake fitowa. Na farko, yadda ake kiran mutum. Uwa mai alkunya ba ta kama sunan ɗan fari, sai ta ce "yaron nan". Matar da ta saba cewa "Baban Amira", ranar da ta ce "Malam" a bushe, mai karatu ya san an taɓa ta. Ƙane ya ce "Yaya", yayan ya ce "kai". Na biyu, karin harshe. Wanda ya tashi a Gangare ko Unguwar Rogo ba ya magana kamar Basakkwacen da ya zo sayen dankali, kuma kalma biyu ko uku sun isa nuna hakan, ba sai an cika shafi da su har karatu ya yi nauyi ba. Na uku, numfashi. Layin da mai karatu ya kasa kaiwa ƙarshensa da numfashi ɗaya a raba shi.

Ya kuma tsaya sosai a kan ciwon da ya fi yawa, wato a sa mutum ya gaya wa ɗan'uwansa abin da dukansu suka sani don mai karatu ya ji: "Kamar yadda ka sani, Yaya, mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida." Ba mai magana haka. Maganinsa a mayar da bayanin gardama: "Tun da Baba ya rasu, ko kwano ɗaya ka canja a gidan nan?" Rasuwar ta fito, gidan ya fito, ƙullin ya fito. Daga nan sai darasin sauti: a kafa wuri da ƙara uku kacal kafin a siffanta komai. Kasuwar Farin Gada da asuba, misali, ƙarar buhun kabeji da aka sauke daga mota, ɗan dako na neman hanya, dillali na ƙirga. Ana naɗar minti uku a waya, a saurara, a gyara, a sake naɗa. Bambancin naɗi na farko da na biyu kunne yake ji nan take.

Asabar ta uku, ta tatsuniya, ita aka ci wa haƙƙi. Malamar ta san fanninta. Ta nuna yadda "ga ta nan, ga ta nanku" ke ɗaure mai sauraro tun kafin a fara, yadda maimaici sau uku ke gina jira, da yadda tsamin bakin Gizo ke sa a gane shi daga kalmar farko. Mafi amfani shi ne tsarin 'yar bora da 'yar mowa: hanya ɗaya, jarrabawa ɗaya, mutum biyu, hali ya raba sakamako. Wannan ƙashin baya ne da zai riƙe littafi sukutum. Ta kawo misalin Abubakar Imam, wanda a Magana Jari Ce ya sa aku yana jero labarai a cikin babban labari. Sai dai ba a gwada ko ɗaya a kan babin kowa ba, don rabon takardar shaida da ɗaukar hoto sun cinye sa'ar ƙarshe. Darasin amshi a waƙar baka, da ke cikin jadawali, ko taɓa shi ba a yi ba.

Akwai wasu gyare-gyare. Mahalarta sun yi wa malami ɗaya yawa, har wasu ba a karanta babinsu ba. Janareta na jikin taga, ƙararsa tana shiga naɗi. Takardun darasi da Ingilishi suke, misalan Hausar da ke ciki kuma babu ƙugiya, ɗ da d duk ɗaya, abin da bai kamata a gani a bitar marubuta ba.

Wanda bai fara rubutu ba ya dakata tukuna, domin yawancin aikin a kan babinka ake yi. Mai rubutaccen littafi, ko mai sakin shafi kullum a WhatsApp da Wattpad (dandalin karanta labarai a intanet), ko mai shirin shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa inda ake ƙayyade yawan kalmomi, zai ci riba. Ya zaɓi babin da aƙalla mutum uku ke magana a ciki, ya zo da katuna kamar ashirin, da jan biro, da waya cike da caji da abin sawa a kunne. Ya kuma zo da wuri ranar rediyo ya rubuta sunansa a sahun farko na karatu, ya zauna nesa da tagar janareta.