Hattara da masu sayar da "lambar buɗe" injin CNC

Jama'a, duk wanda ya sayi ƙaramin injin sassaƙa na CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, yana koyo, ko yake shirin saya, ya karanta wannan kafin ya tura wa wani ko sisi. Akwai wata damfara da ake yi wa sababbin shiga, kuma abin da ya fi ɓata min rai shi ne ana kama mutum daidai lokacin da ya rikice, ya gama haɗa injinsa da wahala, ya kunna, injin ya ƙi motsi.

Ga yadda suke yi. Ka jona injin da kwamfuta, manhaja ta nuna maka jan rubutu na Alarm, ka danna maɓallin motsi babu abin da ya faru. Sai ka ɗauki hoton fuskar kwamfutar ka sa a inda masu wannan sana'a ke taruwa kana neman taimako. Kafin masu sani su amsa maka a fili, wani ya riga ya biyo ka ta saƙon sirri. Yana da ladabi, yana kiran sunayen kayan injin daidai, har ya tura maka bidiyon wani inji yana aiki ya ce nasa ne. Daga nan ya ce maka allon sarrafa injinka a kulle yake daga kamfani, sai an sayi lasisi ko lambar buɗewa, kuma shi wakili ne, zai yi maka rangwame.

Ƙarya ce tsagwaronta. Yawancin ƙananan injinan nan, irin su 3018 da danginsa, manhajar da ke cikin allonsu GRBL ce. Simen Svale Skogsrud ne ya fara rubuta ta a 2009, daga baya Sonny Jeon ya ci gaba da ita, kuma kyauta ce ga kowa, babu lasisin saye, babu lambar sirri. Manhajojin da ke tura mata umarni daga kwamfuta, kamar Candle da Universal Gcode Sender da bCNC da gSender, su ma kyauta ne. Direban CH340, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon ta USB, kyauta ake sauke shi daga kamfanin da ya ƙera shi. Wannan kullewar da ta tsorata ka kariya ce da aka sa da gangan. Idan an kunna saitin $22, injin yana tashi a kulle domin bai san inda bakinsa yake ba tukuna. A akwatin umarni na manhajar, ka rubuta $H ya je ya nemo mafarinsa da makunnan iyaka, wato 'yan makunnan da ke ƙarshen hanyar tafiyarsa, ko ka rubuta $X ya buɗe. Haruffa biyu ke nan. Su ne abin da mutumin yake sayar maka.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi, asarar sau ɗaya ce. Amma mafi yawansu ba sa turo maka umarnin, domin da ka gani za ka gane an cuce ka. Sai su ce aikin yana da sarƙaƙiya, ka sauke AnyDesk ko TeamViewer su shiga kwamfutarka daga nesa su yi da kansu. Waɗannan manhajoji na halal ne, ba su da laifi, amma wanda ka ba lambar shiga ya zama tamkar yana zaune a kujerarka. Yana ganin imel ɗinka, da kalmomin sirrin da burauza ta adana, da duk takardun da ke ciki. Ga kuma haɗarin jiki da mutane ke mantawa: mutum yana nesa, ba ya ganin injin, yana iya tayar da sifindil, wato motar da ke juya bakin yanka, ko ya tura bakin yanka cikin teburi alhali hannunka na kusa.

Idan ya shiga, zai buɗe injin a gabanka ka ga ya motsa ka ji daɗi, sannan ya taɓa wasu saituna ba ka lura ba. Zai iya kunna $21, saitin da ke tsayar da injin idan ya bugi makunnin iyaka, a injin da wayoyin makunnansa ba su da kariya, ta yadda da zarar sifindil ya tashi, hayaniyar lantarki za ta sa allon ya ɗauka an bugi iyaka, aiki ya tsaya a tsakiya da Alarm 1. Zai iya ɗaga gudu da saurin tashi a $110 da $120 fiye da ƙarfin motocin, su riƙa kuka suna zubar da taku, zane ya karkace. Ko ya sauya $100, wato yawan takun mota a kowace milimita, kaɗan, ka yanka da'ira ta fito kamar ƙwai. Bayan kwana biyu kai da kanka za ka koma wurinsa, tunda shi ya "gyara" maka a farko. A nan zai ce lasisin farko na gwaji ne, ko allon ya lalace, yana da wani na sayarwa.

Maganin wannan abu ne mai sauƙi, kuma ina roƙon kowa ya yi shi yau ko da injinsa lafiya lau yake. Ka rubuta $$ a akwatin umarni, duk saitunan za su fito, ka kwafe su ka adana a wani wuri daban. Duk ranar da wani abu ya canza, ka kwatanta. Lambar taku ma ba sai wani ya ba ka ba, lissafi ne. Motar stepper, wato mai juyawa taku-taku, da aka fi amfani da ita tana taku 200 a juyi ɗaya. Idan direbanta, wato guntun lantarkin da ke tuƙa ta, yana raba kowane taku gida 16, sandar zaren kuma tana tafiya milimita 4 a juyi, to 200 sau 16 a raba da 4 ya ba ka 800, shi ne abin da ya kamata ka gani a $100. Idan kana shakka, ka umarci injin ya tafi milimita 50, ka auna da ma'auni, ka gyara gwargwadon bambancin.

Masu amfani da Mach3, wata manhajar sarrafa injin CNC, nasu salon daban ne, saboda ita da gaske ta kuɗi ce, kuma ta gwaji tana tsayawa a layi 500 na G-code, wato umarnin da injin ke bi. 'Yan damfara suna sayar da "cikakkiya" da araha, wadda ko dai satacciya ce ɗauke da sunan wani a matsayin mai lasisi, ko an cusa mata wani abu. Alamar da ba ta ƙarya ita ce su ce ka kashe manhajar kariya daga bairos kafin ka girka. Kada ka kashe. Wanda ke son Mach3 ya saya daga masu ita, wanda ba shi da hali ga LinuxCNC nan kyauta. Haka kuma kebul ɗin firinta mai mayar da USB zuwa tsohuwar kafa mai fil 25 ba ya tuƙa inji da Mach3, duk wanda ya sayar maka da shi a kan haka ya sani sarai.

Kayan ƙarfe ma ana yin algus. Akwai direbobin da aka rubuta TB6600 a jikin akwatinsu, ka buɗe ka tarar da wani guntu daban mai ƙarancin ƙarfi. Akwai kawunan lesa da ake rubuta musu wat ɗin da suke sha daga wuta maimakon na hasken da suke fitarwa, wanda ya yi ƙasa da haka sosai. Ka nemi mai sayarwa ya faɗa maka a rubuce, kuma ka biya ta hanyar da za a iya dawo maka da kuɗinka.

Mai taimakon gaskiya a fili yake amsawa, inda wasu za su iya gyara masa idan ya yi kuskure, kuma tambayarka zai fara yi: wane allo ne, me $I ta nuna, lambar Alarm nawa ce, ka saita saurin sadarwa a 115200? Wanda ya fara da maganar kuɗi da gaggawa kafin ya tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka rufe shi.

Idan kuma an riga an shiga kwamfutarka, ka cire ta daga intanet, ka goge manhajar shigar nesa, ka canza kalmomin sirrinka ta wata na'urar daban, musamman na imel da na banki, sannan ka sanar da bankinka. A ɓangaren injin, kada ka yi saurin rubuta $RST=$, domin saitunan da za ta dawo da su na asalin manhajar ne, ba lallai su dace da injinka ba. Ka nemi jerin saitunan samfurinka daga wanda ya ƙera shi, ka shigar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma gwajin farko ka yi shi a iska, babu bakin yanka a ɗaure, hannunka a kan makashin wuta.