GARGAƊI ga masu injin wanki a Garwa: jaka 65 aka karɓe mini a kan abin jaka 4

Salamu alaikum jama'a. Duk mai injin wanki a Garwa ya karanta wannan, musamman mata 'yan'uwana na Yelwa da Rumde Ajiya, don ta nan wani mutum yake yawo da jakarsa ta baya wai shi mai gyara ne. Jaka 65 ya ci mini. Sefa dubu sittin da biyar, kuɗin adashina. Ina rubutun nan hannuna na rawa.

Injin nawa na hannu ne, irin na Turai mai ƙofa a gaba. Wata rana aka ɗauke wuta yana cikin aiki, da aka dawo da ita sai na ji "fau!" ta bayansa, wutar gidan duka ta faɗi. Daga nan ko an tayar da disjonkta, wato babban makunnin da ke yanke wutar gida da kansa in an samu matsala, da an soka filogin injin sai ta sake faɗuwa, tun ba a taɓa maɓalli ba. Ku riƙe wannan, tun ba a taɓa maɓalli ba. Zan dawo kansa.

Kuma kada wani ya zo mini da "ke ma Hajiya a titi kika tsinto shi". Ba a titi na tsinto shi ba. Maƙwabciyata ce ta ba ni lambarsa, ya taɓa gyara mata firiji kuma har yau yana aiki. Ya zo ya yi sallama a zaure, ya cire takalmi, ya gaida tsohuwarmu har ƙasa. Da la'asar ta yi ya nemi buta. To wa zai zargi wannan?

Ya buɗe murfin sama, ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce innalillahi. Sai ya kwance ƙwaƙwalwar injin, wannan koren allon da ke bayan maɓallai, ya miƙo mini daidai hancina ya ce, "Hajiya, ki sunsuna da kanki, kada ki ce na faɗa miki. Kin ji ƙauri?" Na sunsuna. Wallahi na ji ƙauri. Wannan wurin ne yake hana ni barci. Ƙaurin gaskiya ne, cikin injin duka ƙauri yake yi, ko murfin ya miƙo mini ƙauri zan ji. "Ki sunsuna da kanki." Ya sa hancina ya zama shaidarsa. Ku gaya mini wace mace ce za ta ji ƙauri da hancinta ta ce ƙarya ne?

Ya ce ƙwaƙwalwa ta ƙone, babu irinta a Garwa, babu a Marwa, sai Duwala. Jaka 40. Na tura ta waya a gabansa, saƙon yana nan. Bayan nan ya kira wai kayan sun iso Ngaundere ta jirgin ƙasa, amma mai motar da zai ƙaraso da su yana neman jaka 15. A'a, kafin wannan ma sai da ya turo mini hoton "sabuwar" ta WhatsApp a cikin leda, shi ya sa na tura 15 ɗin ban yi gardama ba. Sannan jaka 10 kuɗin aiki, hannu da hannu, har na haɗa masa da abinci a kwano. 40 da 15 da 10. Ku lissafa.

Ranar da ya zo ɗaurawa ya ce yara su ja baya saboda wuta, ni ma in ja baya. Ya juya mana baya ya yi abin da zai yi, ya soka filogi, injin ya tashi. Har guɗa ƙanwata ta yi. Na ce Allah ya yi albarka, ɗan'uwa. Ni da bakina na sa masa albarka a kan jaka 65.

Abin da ya fara damuna shi ne rediyon tsohuwa. Duk sanda injin ya shiga matsa, sai rediyon ya kama shuuu, talabijin ya yi zane-zane. Da ba ya haka. Na kira shi ya ce wutar gari ce, ai kowa ya san halin da ake ciki in ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya. Na yarda, don wutar tamu dama ba ta da tabbas. Sai ƙauri ya dawo, wannan karon na roba. Daga nan waya ba ta shiga. Yanzu ma ya toshe ni.

Mijin yayata ne ya kawo wani dattijo mai aikin lantarki. Baba bai ce in sunsuna komai ba. Ya zare filogi, ya ɗan jira, ya kwance kusoshi biyu na baya ya zame murfin, ya bi wayar wuta da yatsa daga inda ta shigo. Sai ya ce, "'Yata, zo ki gani." A kusurwar baya akwai rami na ƙusa, babu komai a jikinsa, kewaye da shi baƙin hayaƙi. Ƙasa da shi wayoyi an murɗe su da hannu an naɗe da baƙin salatif, salatif ɗin har ya fara narkewa.

A ramin nan filta take zama. Baba ya fito da wata daga jakarsa, ƙarfe ne kamar ƙaramin gwangwanin tumatir, da ƙafafu a kai inda wayoyi ke shiga, an rubuta 250V da 16A a jiki. Ya ce ita ce abu na farko da wuta ke tararwa in ta shigo injin, kafin maɓalli, kafin ƙwaƙwalwa. A cikinta akwai kondansata, wasu ƙananan kayan lantarki masu riƙe caji, ɗaya tsakanin wayoyin wuta biyu, wasu kuma zuwa wayar ƙasa. Aikinta ta tare hargitsin da moto ke mayarwa cikin layin gida, wanda ke sa rediyo shuuu, ta kuma rage wanda ke shigowa daga waje. In wuta ta yi ta dawowa da ƙarfi sai kondansatan ya gaji ya haɗe wayoyin, shi ne "fau" ɗin da na ji. Shi ya sa disjonkta ke faɗuwa tun ba a kunna ba. Ya ce duk mai gyara da ya ji wannan bayanin, nan zai fara dubawa, ko yaron shago ne.

Ya gwada mini tasa da mitar gwajin wuta a gabana. Daga ƙafar shiga zuwa ta fita mita ta yi ƙara, haka ake so. Tsakanin wayoyin biyu shiru, zuwa jikin ƙarfen shiru. Ya ce da mai ƙonewar ce, nan za ta yi ƙara, ko ma ido ya ga ta kumbura ta yi baƙi. Injin yana tashi ba filta, shi ya sa mutumin ya cire tawa ya jefa a jakarsa ya haɗe wayoyin kawai. Amma wayar da ke ɗaukar wutar hita mai dumama ruwa a murɗe da hannu, kusa da ruwa, a gidan da ke da yara? Da gobara ta tashi fa?

Ƙwaƙwalwar kuma tawa ce. Tawa ta asali! Goge ta ya yi ya sa a leda. 'Yata ta ɗauki hotonta ranar farko don ta tambayi wani a Yawunde, lambar da ke kan takardar jikinta ɗaya ce da ta "sabuwar Duwala", har ɗan yagewar gefen. Babu Duwala, babu jirgi, babu mai mota. Jaka 15 na biya wa motar da ba ta taɓa tashi ba.

Baba ya sa filta jaka 4, aikinsa jaka 3. Bakwai. Ni kuwa 65. Mai gida ya ce in bar shi da Allah. Na bar shi da Allah, amma komisariya, wajen 'yan sanda, ma zan je, kuma maƙwabciyata ta daina gaishe ni wai na ɓata mata suna, ita da ko sisi ba ta yi asara ba.

In injinku na kayar da wuta da an soka filogi, a duba filta tukuna. Ku ɗauki hoton duk abin da za a fita da shi daga gidanku, ku ce a bar muku tsohon, kada ku tura kuɗin kayan da ba ku riƙe ba. Kada ku buɗe injin da kanku alhali filogi na soke.

Hotunan saƙonnin kuɗin guda biyu, da hoton ƙwaƙwalwar na farko da na leda, da na wayoyin da ya murɗe, zan saka su da daddare in an kawo wuta, cajina saura kaɗan. Wadda ya taɓa ce wa ta sunsuna ta yi mini magana ta akwati, mu je komisariya tare.