Fakiti ko kati ɗaya? Shawara ga mai son tara katunan tsofaffin 'yan Yankees

Mu mazauna Bronx a birnin New York, ko mutum bai san dokar baseball ba, filin Yankees ba ya ɓoye masa. Jirgin ƙasa mai lamba 4 yana tsayawa a titi na 161, kana leƙawa ga filin a gabanka. Ta nan wasan ya shiga raina, daga baya na fara tara katunan 'yan wasa. 'Yan'uwa kan tambaye ni ta ina za su fara, musamman masu saya wa 'ya'yansu. Kafin ka fitar da ko dala ɗaya, ka fara sanin katin wa kake nema.

Ni dai mutanena su ne waɗanda suka ɗauki kofin World Series a 1996, 1998, 1999 da 2000: Derek Jeter, Mariano Rivera, Andy Pettitte, Jorge Posada da Bernie Williams. In kai ma irinsu kake so, sabon fakiti ba zai biya maka bukata ba. Kwalayen kamfanin kati na Topps da ake sayarwa a manyan shagunan Target da Walmart cike suke da 'yan wasan bana na ƙungiyoyi 30. Akwai daɗin ɓarewa, yara suna sonsa, ni ma ina sayen ɗaya a farkon kakar wasa. Babban kwalin da ake samu a shagunan kati ya fi tsada, yakan zo da alkawarin kati ɗaya mai sa hannu ko mai ƙyallen riga, amma ba kai za ka zaɓi na wa ba ne. Da wuya abin da ke ciki ya mayar maka da kuɗinka. Ka kuma duba kamfanin: Topps ke da lasisin MLB, wato babbar gasar baseball ta Amurka, shi ya sa katunan baseball na Panini ba su da tambarin ƙungiya a hula ko a riga.

Akwai tarkon da ya kama mutane da yawa, wato tsofaffin fakitoci na wajen 1987 zuwa 1994 da ba a buɗe ba. Mutum zai ga sun haura shekara 30 ya ɗauka zinariya ce. A waɗancan shekarun kamfanoni sun buga kati ba adadi, har yau suna jibge a gidajen mutane. Amma wannan yawan alheri ne ga mai tarawa don so. Katin farko na Bernie Williams, Topps na 1990, ba ya kai kuɗin abincin rana. Mutumin nan ya yi wa Yankees wasa daga 1991 zuwa 2006 bai taɓa sauya sheƙa ba, shiru-shiru, ba hayaniya, har ƙungiyar ta jingine lambarsa 51. Duk cikin katunana babu wanda nake yawan ɗaukowa in duba kamar nasa.

Saboda haka shawarata ita ce sayen kati ɗaya-ɗaya. A nan ma hanya ta rabu biyu: katin da yake haka nan, da wanda kamfanin tantancewa irin PSA, SGC ko Beckett ya duba, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi cikin roba mai tauri. Abu huɗu suke dubawa: ko hoton ya zauna a tsakiya, kaifin kusurwoyi, gefuna, da fuskar katin. Kai ma su za ka duba da idonka in za ka sayi wanda ba a tantance ba.

Ɗauki misalin Jeter, kyaftin ɗin da ya yi ritaya a 2014 da bugun ƙwallo mai nasara 3,465. Katinsa na Topps na 1993, mai lamba 98, yana da yawa kuma da sauƙin kuɗi, ba sai an tantance ba. Amma na SP, wani nau'in kati na kamfanin Upper Deck, na wannan shekarar, mai lamba 279, fuskarsa mai ƙyalli ce, tana karcewa da wuri, gefunan kuma suna ɓantarewa, shi ya sa mai maki 10 ya yi ƙaranci ƙwarai. Irin wannan kada ka saye shi sai a rufe. Haka ma katin Rivera na 1992 samfurin Bowman, mai lamba 302, inda yake tsaye cikin kayan gida, saurayi ɗan Panama da babu wanda ya san zai zama mutum na farko da duk masu zaɓe suka amince da shigarsa zauren gwarzaye na Cooperstown, a 2019. Na taɓa sayen wani kati mai ɗan tsada a hannun wani a wajen baje koli, sai da na dawo gida na jera shi da wani na ga an rage masa gefe don ya yi kyau. Abin ya yi mini ciwo, tun daga nan na daina sayen mai tsada a buɗe.

Ba dole sai mai maki 10 ba. Mai maki 7 ko 8 yana da kyau a ido, bambancin kuɗin kuwa kamar sama da ƙasa ne. Kafin ka biya, shiga eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ka duba farashin da aka riga aka sayar, ba wanda masu kaya suke nema ba, sannan ka sa lambar da ke jikin robar a shafin kamfanin tantancewar ka tabbatar ta dace da katin. Waɗanda ba a rufe ba kuma ka sa su a siririyar leda, sannan cikin roba mai ƙarfi, ka ajiye nesa da rana da laima, don ɗakunan ƙasa na gidajen Bronx suna lanƙwasa kati cikin bazara ɗaya.