Tula, garin da ake sanar da kai kafin a ɗauke maka ruwa

Salam 'yan uwa. Masu ta tambayata ya Rasha ya sanyi, sanyi kam ba a magana, amma abin da ya tsaya min a rai wata takarda ce. Lokacin zafinsu na sauko zan fita sai na tarar an manna ta a ƙofar benenmu, wai daga ranar kaza za a ɗauke ruwan zafi na sati biyu saboda gyaran bututu, ranar kaza zai dawo. Na yi dariya har wata tsohuwa maƙociyarmu ta juyo tana kallona, a raina na ce ai mun san irin wannan alkawarin. Wallahi ranar da suka rubuta ɗin, ina murɗa famfo da safe sai ga tururi.

Ku gane fa, a nan ba kai ke dafa ruwan wanka ba, daga tasha ake turo shi ta bututu zuwa unguwa guda, kuma haka ake ɗumama ɗakuna idan hunturu ya shigo, har doka ce da su cewa in ma'aunin zafi ya yi kwana 5 a jere ƙasa da digiri 8 to a kunna ɗumi, ƙarshen wata a kawo maka bil ka biya. Kuma mutanen nan ƙorafi suke yi! Sati biyun nan suna dafa ruwa a tukunya suna tsaki, ni kuwa ina tuna yadda taransfoma ke ƙonewa a layinmu a bi gida gida ana karɓar kuɗi, a yi wata uku a duhu ba wanda zai ce maka ko sannu.

Ni a ganina sirrin shi ne garin maƙera ne kuma ba su saki sana'ar ba. Tula tana kudu da Mosko, tafiyar kilomita 190 haka, a bakin kogin Upa, mutanenta ba su cika rabin miliyan ba. Tun 1712 sarkinsu Peter ya kafa masana'antar bindiga a nan kuma har yau tana aiki. Nikita Demidov da zuri'arsa suka mamaye harkar ƙarfe a duwatsun Ural, maƙerin garin nan ne. A 1778 dangin Lisitsyn suka buɗe maƙerar samovar, tukunyar shayin nan ta tagulla mai famfo da ake zuba gawayi a tsakiyarta, duk mai shayin Kano da ya gan ta sai ya yi sha'awa. A 1941 sojojin Jamus sun zo har bakin gari, ma'aikatan kamfanoni suka ɗau bindiga tare da soja aka hana su shiga. Yanzu ma akwai kamfanonin narka ƙarfe a gefen gari, in iska ta juyo za ka shaƙi hayaƙinsu har maƙogwaro, wannan kam ba daɗi.

Abin da ke min ciwo, mutanen nan, zamanin da suke Tarayyar Sobiyet, su aka ba kwangilar gina mana kamfanin ƙarfe na Ajaokuta a 1979, yau shekara arba'in da ɗoriya ana ta kafa kwamiti. Masaƙun Kakuri a Kaduna sun zama kango, ɗan maƙeri a wurinmu gani yake acaɓa ta fi maƙera daraja, wa zai gyara bututun kenan?

Kar ku ɗauka aljanna ce. Ka shiga shago ka gaida mai kanti ta kalle ka kamar ka zo cin bashi, ba ragi ba gyara ba “Allah ya kawo kasuwa”. Takardun zama kuwa, harafi ɗaya ya kuskure a sunanka sai ka sake bin layi. Tun 2022 katin Visa da Mastercard na waje ba sa aiki, turo kuɗi daga gida sai an yi ta kewaye kewaye. A Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara. Suna alfahari da pryanik, wani biskit mai kauri da rubutu a jikinsa, zaƙi kamar me, yanka biyu ya ishe ni. Barkonon shagonsu kuma ado ne kawai. Duk wanda zai taho cikin ɗalibai don Allah ya riƙo min yaji da daddawa da kuka, a ɗaure daddawar a leda uku saboda 'yan kwastan.