Jama'ar Gombe ku yi hattara da wani dillalin gidajen haya

Wallahi tun shekaranjiya nake son rubuta wannan abu, da na ɗauki waya sai kunya ta hana ni. Naira dubu 385 jama'a. Dubu 350 kuɗin haya na shekara, dubu 35 la'adarsa, ban ma lissafa dubu 3 da ya karɓa wai kuɗin ganin gida ba.

Kuma don Allah kar wani ya zo kwament yana ce min wauta na yi. Ba a waya muka yi ciniki ba. Da ƙafata na je Tunfure na ga gidan, ɗaki biyu da falo da kicin, sabon fenti ko warinsa bai fita ba. Shi ya buɗe get, daga aljihunsa ya zaro makullai ɗaure da wani jan tsumma, bai ko laluba ba ya san na get ya san na falo. Mutum ya buɗe maka gida da makulli to me kuma za ka nema? Har yanzu in na rufe ido makullan nan nake gani da jan tsumman.

Ranar Asabar muka loda kaya a akori-kura tun daga Jekadafari, gado, katifa, firij, har turmi, uwargida da yara suna biye a Keke. Muna isa na ga kwaɗon get ba wanda na sani ba ne, makullin da ya ba ni ko shiga ba ya yi. Na kira shi a kashe. Na sake kira a kashe. Wani dattijo maƙwabcin gidan ya fito ya kalli motar ya kalle ni, ya ce "Malam, kai ma shi ne ko? Kai ne na uku." Ashe dillalin nan mai fenti ne. Mai gidan ya ba shi makulli ya yi aiki na sati biyu, shi kuma ya mayar da gidan jari.

Af, ban ma faɗa muku yadda na same shi ba. Mai gidan da nake ciki ne ya ba ni notis ɗansa zai yi aure, saura kwana 12 wa'adi ya cika ban samu wuri ba, sai na ga hoton gidan a wani guruf na WhatsApp. Ranar da muka haɗu tare muka yi La'asar a masallacin layin, sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, muna fitowa ya ce akwai wani ma'aikacin banki da zai kawo kuɗi gobe da safe amma shi ya fi son mai iyali. Na ce sai na ji daga bakin mai gida. Kun ga ai na tambaya! Ya danna waya ya miƙo min, muryar babban mutum, a natse, ya ce "Malam ai yarona ne, ina Kaduna, ka ba shi kawai, Allah ya sa a zauna lafiya." Har na ce na gode Alhaji. Na gode fa na ce masa.

Wuri ɗaya ne zuciyata ta ɗan yi ɗar, sunan da ya fito a akawun ɗin ba nasa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne nasa ya samu matsala. Uwargida ma ta ce min a waya "Abban yara ka ɗan tambayi maƙwabta mana", na ce mata ke dai bari an gama magana. Dubu 385, transfa biyu, 200 sai 185, ya rubuta min rasit irin na shagon littattafan nan da kowa zai iya saya, ya sa hannu.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda, banki ma na je na cike takarda. Sikirinshot na hirarmu da alat ɗin da hoton rasit duk suna nan, zan ɗora su da daddare in sha Allah, sunansa ne kawai aka ce in dakata tukuna.

Mai neman haya, makulli ba shaida ba ne. Ka tambayi maƙwabta waye mai gidan, ka je wajen mai unguwa, kar ka tura ko sisi a akawun da ba sunan mai gida ba, in an ce wani zai biya gobe ka ce ya biya.

Yanzu kayana suna jibge a zauren yayana a Bolari, iyali suna gidansu, mai akori-kura kuma ya ce zuwa daban dawowa daban, sai da na ƙara masa dubu 15 a kan waccan dubu 385 ɗin.